Tagwayen Amsoshi: Yadda A Ke Gano Ma'auni Daga Kurmar Amsa Guda

A cikin tambayoyin Aljabra akwai wata wadda ta kan tsai da ɗalibai cik, har da waɗanda hannunsu ya faɗa da lissafi. Ga yadda ta kan zo. A ce maka 2 + √3 amsa ce ta x² + bx + c = 0, b da c kuwa cikakkun lambobi ne, to, nemo su. Ɗalibi ya duba ya ga abu biyu a ke nema, abu guda kuwa aka ba shi, sai ya ce an yi masa rowa, ko kuwa mai buga takarda ya tsallake layi. Alhali kuwa ba a rage masa kome ba. Amsar da aka ba shi 'yar tagwaye ce, in ya san ta ya san 'yar'uwarta, in kuwa ya san su duka biyu aiki ya ƙare.

Mun ga ya kamata mu baje wannan magana a nan, domin galibinmu koyarwa za mu yi. Malamin da ya haddace dabara bai san dalilinta ba, ran da yaro mai kaifin hankali ya ce masa, "Malam, don me?" ran nan zai ji kunya a gaban aji. Abin da ya fi wannan muni kuwa, dabarar tana da sharaɗi, wanda bai san sharaɗin ba zai yi aiki da ita inda ba ta ci, ya koya wa yara kuskure su tafi da shi.

Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kafin mu shiga, bari mu shirya kan sunaye, don kada mu yi ta magana biyu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar auduga ta Funtua ko ta Malumfashi ya san aikin sikeli: abin da ke wannan gefe sai ya yi daidai da na wancan. Haka jimlar lissafi mai alamar = ta ke, saboda haka za mu kira ta ma'auni. In a cikin ma'auni akwai x², watau x sau x, babu kuma abin da ya fi shi hawa, shi ne ma'auni mai murabba'i. Siffarsa ita ce ax² + bx + c = 0. Lambobin nan a da b da c za mu kira su 'yan rakiya, domin su ke raka x. Lambar da in an sa ta a gurbin x ma'auni ya tsaya daidai, ita ce amsa. Alamar √ kuwa saiwa ce: √9 ita ce lambar da in an ninka ta da kanta a sami 9, watau 3. Jimla ita ce abin da ya fito in an tara lambobi, ninki kuwa abin da ya fito in an ninka wata da wata.

Saura kalma biyu, su ne ƙashin bayan maganar. Lambobi iri biyu ne. Akwai waɗanda a ke iya faɗinsu sarai, ko cikakku kamar 7 da 150, ko gutsattsari kamar rabi, da sulusi, da rubu'i, da sumuni, irin waɗanda alƙalai ke aiki da su wajen rabon gado. Ko wace daga cikinsu cikakkiyar lamba ce bisa cikakkiyar lamba, sulusi biyu 2/3 ke nan, bakwai kuwa 7/1. Waɗannan su ne bayyanannun lambobi. Akwai kuma waɗanda ba su faɗuwa ta haka ko an kwana ana nema, kamar √2 da √3 da √5. Malaman lissafi na Larabawa suka sa wa irin wannan suna asammu, watau kurma. Da aka juya littattafansu zuwa Latin a ƙarni na 12, masu fassara suka ce surdus, ma'anarsa kurma, daga nan Ingilishi ya samo sunan da ya ke kiranta da shi har yau. Mu ma sai mu ce kurmar lamba, ba mu ari kome ba sai abin da aka riga aka ara.

Me ya sa ta zama kurma?

Kada wani ya zaci kurmar lamba tatsuniya ce ta cikin littafi. A sami fili mai kusurwa huɗu daidai, ko wane gefe ƙafa 100, a ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Tsawon igiyan nan 100 sau √2 ne, wajen ƙafa 141 da 'yan kai. Igiya tana nan a hannu, ana iya taɓa ta, amma babu wani gutsure da zai faɗi tsawonta cif. In ka ce √2 ita ce 1.4, murabba'inta 1.96, bai kai 2 ba. In ka ce 1.42, murabba'inta 2.0164, ya wuce. In ka ce 1.414, ka sami 1.999396. Kullum kana matsowa, ba ka isa.

Mutanen Yunan sun gane dalilin wannan fiye da shekara 2,300 da suka wuce, hujjar kuwa gajeriya ce. A ce √2 daidai ta ke da m/n, an kuma rage gutsuren har babu lambar da ke raba m da n duka biyu. In an ninka ko wane gefe da kansa sai a sami m² = 2n². Ashe m² cika ce, ba mara ba. Murabba'in mara kuwa kullum mara ne, saboda haka m kanta cika ce. To, a rubuta m = 2k. Sai 4k² = 2n², watau n² = 2k², ashe n ma cika ce. Ga m cika, ga n cika, 2 tana raba su duka, alhali mun ce an rage su ƙarƙaf. Magana ta ci karo da kanta, saboda haka abin da muka ɗauka da fari ƙarya ne. Irin wannan hujja tana nuna cewa duk cikakkiyar lambar da ba murabba'in wata cikakkiya ba ce, saiwarta kurma ce.

Abin da za mu riƙe daga nan guda ne: kurmar lamba ba ta taɓa zama daidai da bayyananniya. A kan wannan dutse za mu aza sauran ginin.

Gona mai eka ɗaya

Ƙasar Funtua da Malumfashi, da Bakori da Ƙafur da Danja, ƙasar noma ce, ta auduga da masara da dawa. Saboda audugan nan ne kamfanin B.C.G.A., wanda aka kafa a Manchester ta Ingila cikin 1902, ya gina gidajen gurza a Funtua da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa kuma da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtua ta isa Ƙaura Namoda cikin 1929. Inda gona ke da daraja haka, awonta ba wasa ba ne. A zamanin mulkin Turawa, a waɗansu lardunan Arewa, har malamai aka ɗauka musamman, malaman taki, suna bin gonaki suna auna su da taku domin yanka haraji. Yau ma da awo a ke saye da sayarwa, da jingina, da rabon gado, da lissafin irin da za a shuka da takin da za a zuba.

To, a ce wani manomi a Malumfashi yana da gona mai kusurwa huɗu, doguwa, faɗin ƙasarta eka ɗaya cif, watau yadi murabba'i 4,840. Ya kewaye ta da shinge, tsawon shingen yadi 300. Mene ne tsawon gonar, mene ne faɗinta?

Shinge ya bi tsawo sau biyu, ya bi faɗi sau biyu, saboda haka tsawo da faɗi in an tara su 150 ne. In an ninka su kuwa 4,840. A kira gefe guda x, ɗayan ya zama 150 − x. Sai mu ce:

x(150 − x) = 4,840

watau x² − 150x + 4,840 = 0.

A warware shi ta hanyar cika murabba'i. Rabin 150 shi ne 75, murabba'insa 5,625. Sai (x − 75)² = 5,625 − 4,840 = 785. Ashe x = 75 + √785, ko kuwa x = 75 − √785.

Murabba'in 28 shi ne 784, na 29 kuwa 841, saboda haka 785 ba murabba'in kowa ba ce, saiwarta kurma ce, wajen 28.02. Amsa ta fari ta zama wajen yadi 103.02, ta biyu wajen yadi 46.98.

A nan mu ke so mai karatu ya dakata ya duba da kyau. Mun nemi gefe guda, lissafi ya ba mu amsa biyu, ba kuwa wadda za a yar. Ta fari ita ce tsawon gonar, ta biyu ita ce faɗinta. Dubi kamanninsu: ko wace tana da 75, ko wace tana da √785, ba abin da ya raba su sai alamar da ke gaban saiwa, wannan tarawa, waccan ɗebewa. Hasana da Husaina ke nan. Irin waɗannan mu ke kira tagwayen amsoshi, ko wace abokiyar tagwaicin ɗaya ce.

Dubi kuma abin da ya ke faruwa in sun haɗu. In an tara su, √785 ta wannan ta kashe ta waccan, saura 150, rabin shinge. In an ninka su, (75 + √785)(75 − √785) = 5,625 − 785 = 4,840, eka ɗaya. Ko wace ita kaɗai kurma ce, amma jimlarsu da ninkinsu bayyanannu ne. Da wani zai zo ya ce mana, "Tsawon gonata yadi 75 + √785 ne, shingena da faɗin ƙasata kuwa cikakkun lambobi ne," da mun gaya masa faɗin gonarsa, da tsawon shingensa, da yawan ƙasarsa, ba tare da mun taka gonar ba. Tambayar da muka fara da ita ke nan, ta sake riga kawai.

Jimla da ninki

Abin da muka gani a gona ba dace ba ne, ƙa'ida ce. A ce r da s su ne amsoshin wani ma'auni mai murabba'i wanda ɗan rakiyar x² a cikinsa 1 ne. Ana iya rubuta shi (x − r)(x − s) = 0, domin in x ta zama r baka ta fari ta koma sifiri, in ta zama s ta biyu ta koma sifiri. A buɗe bakan nan biyu:

x² − (r + s)x + rs = 0.

Watau: x², a ɗebe jimla sau x, a tara ninki, daidai da sifiri. In an gwada shi da x² + bx + c = 0, sai a ga b ita ce jimla da aka juya wa alama, c kuwa ninki ce yadda ta ke. In ɗan rakiyar x² wata lamba ce a, sai a raba ko'ina da ita tukuna, jimla ta zama −b/a, ninki ya zama c/a.

In tagwayen su ne p + √d da p − √d, aikin ya ƙara sauƙi. Jimla 2p ce, ninki kuwa p² − d. Ma'aunin shi ne:

x² − 2px + (p² − d) = 0.

Mu koma kan 2 + √3. Abokiyar tagwaicinta 2 − √3. Jimla 4, ninki 4 − 3 = 1. Ma'auni x² − 4x + 1 = 0, saboda haka b = −4, c = 1. A gwada a gani: murabba'in 2 + √3 shi ne 7 + 4√3, a ɗebe 4 sau (2 + √3), watau 8 + 4√3, saura −1, a tara 1, sifiri. Sikeli ya tsaya.

Don me lalle sai tagwaye?

Ga tambayar yaron nan mai kaifin hankali: wa ya ce lalle amsa ta biyu 2 − √3 ce? Me ya hana ta zama 5, ko √7?

A ce a da b da c bayyanannu ne, p ma bayyananniya ce, √d kurma ce, p + √d kuma amsa ce. A sa ta a gurbin x:

a(p + √d)² + b(p + √d) + c = 0.

A buɗe, sa'an nan a ware kaya kashi biyu kamar yadda ɗan kasuwa ke ware buhunan auduga da na masara, masu √d gefe guda, marasa ita gefe guda:

(ap² + ad + bp + c) + (2ap + b)√d = 0.

A kira baka ta fari M, ta biyu N. Dukansu bayyanannu ne, domin daga tara bayyanannu da ninka su aka same su. Muna da M + N√d = 0. In N ba sifiri ba ce, sai mu raba da ita mu sami √d = −M/N, watau kurma ta zama daidai da bayyananniya, abin da muka riga muka nuna ba ya yiwuwa. Tilas N sifiri ce, in kuwa N sifiri ce M ma sifiri ce. Yanzu a sa p − √d a gurbin x. Kome zai fito kamar dā, sai alamar √d kaɗai za ta juya, a sami M − N√d. Sifiri ne a ɗebe sifiri. Ashe ita ma amsa ce, ma'auni mai murabba'i kuwa ba ya wuce amsa biyu, saboda haka babu gurbin wata.

Nan ne kuma asirin "rowar" da ɗalibi ya yi kuka da ita ya bayyana. Ma'auni guda aka ba shi, amma ya tsage biyu, M = 0 da N = 0. Abu biyu a ke nema, sharaɗi biyu kuma ya samu.

Akwai wata gajeriyar hanya wadda ke nuna abin nan ta wata fuska, tana da kyau a nuna wa yara ita. A rubuta x = 2 + √3. A ƙetarar da 2, x − 2 = √3. A ninka ko wane gefe da kansa, x² − 4x + 4 = 3, watau x² − 4x + 1 = 0. Da an fara da x − 2 = −√3 ma nan za a sauka, domin murabba'in √3 da na −√3 duk 3 ne. Murabba'i ba ya tuna alama, shi ya sa ma'aunin ba ya iya karɓar Hasana ya kori Husaina.

Waɗansu misalai

Na ɗaya. An ce 3 − √5 amsa ce. Abokiyarta 3 + √5, jimla 6, ninki 9 − 5 = 4. Ma'auni x² − 6x + 4 = 0.

Na biyu. An ce (3 + √7)/2 amsa ce ta 2x² + px + q = 0. Abokiyarta (3 − √7)/2. Jimla 3, ninki (9 − 7)/4, watau rabi. Sai x² − 3x + 1/2 = 0. Amma ma'aunin da aka ba mu da 2x² ya fara, saboda haka a ninka ko'ina da 2: 2x² − 6x + 1 = 0. Ashe p = −6, q = 1. Wanda ya manta da ninkawan nan ya kawo −3 da rabi, ya yi noma ya bar girbi.

Na uku. Wani fili tsawonsa ya ɗara faɗinsa da yadi 20, ƙasarsa yadi murabba'i 500. In faɗi x ne, x(x + 20) = 500, watau x² + 20x − 500 = 0, amsoshi −10 + √600 da −10 − √600, wajen 14.49 da −34.49. Fili ba ya da faɗin da ya gaza sifiri, saboda haka ta fari ita ce faɗin. Duk da haka ta biyu ba banza ta zo ba: a cire mata alamar ɗebewa, 34.49 ke nan, tsawon filin. Kuma ko da ba mu auna kome da ita ba, sai da ita jimla ke zama −20, ninki ya zama −500.

Inda a kan yi tuntuɓe

Na fari, kuma mafi girma, manta sharaɗi. Hujjarmu duka ta rataya ne a kan cewa 'yan rakiya bayyanannu ne. Dubi x² − (1 + √2)x + √2 = 0. Amsoshinsa 1 da √2, ana iya gwadawa. Ina −√2? Babu ita, domin 'yan rakiyar kansu kurame ne. In tambaya ba ta ce b da c cikakku ne ko bayyanannu ba, ba ta da amsa guda: ko wace lamba ka ga dama ka sa ta zama amsa ta biyu, ka sami ma'auninka. Malami in zai rubuta wa yara irin wannan tambaya, wajibi ne ya rubuta sharaɗin.

Na biyu, juya alamar da ba ita ba. Alamar da ke gaban saiwa ita a ke juyawa, ko a gaba aka rubuta saiwar ko a baya. Abokiyar √3 + 2 ita ce 2 − √3, ba √3 − 2 ba. Abokiyar √3 − 2 kuwa −2 − √3. Maganin wannan shi ne a riƙa sake rubutu, bayyananniya a gaba, kurma a baya, kafin a taɓa alama.

Na uku, ganin alamar √ a ce kurma ce. Ba duk mai rawani ne malami ba. 2 + √9 ba kome ba ce sai 5, ba ta kuwa tilasta wa ma'auni ya karɓi 2 − √9. Ga x² − 12x + 35 = 0, amsoshinsa 5 da 7.

Na huɗu, saurin komawa ga lambobin ɗigo. Mai gonar Malumfashi in ya ce tsawo 103, faɗi 47, jimla ta fito 150 daidai, amma ninki 4,841, ya ƙara wa kansa yadi guda na ƙasar da ba tasa ba. Wajen kafa turaku a gona wannan ba wani abu ba ne, domin igiya kanta ba ta kai wannan tsanani ba. Amma wajen neman 'yan rakiya kuskure ne sarai. A bar saiwa a matsayinta har ƙarshe, ita da kanta za ta fita.

Na biyar, lamba mai kurame biyu dabam dabam, kamar √2 + √3. Wannan ba ta shiga ma'auni mai murabba'i mai bayyanannun 'yan rakiya. Murabba'inta 5 + 2√6, har yanzu da kurma a ciki. Sai an ƙetarar da 5 an sake ninkawa a sami x⁴ − 10x² + 1 = 0, mai amsa huɗu, domin ko wace saiwa tana iya ɗaukar tarawa ko ɗebewa. A nan 'yan huɗu aka haifa.

Asalin wannan ilmi

Tambayar gonan nan tsohuwa ce ƙwarai. A allunan yumɓu na mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suka haura shekara 3,500, an sami irinta: ga jimlar tsawo da faɗi, ga yawan ƙasa, nemo ko wane. Hanyarsu kuwa ita ce tamu, a raba jimla biyu, a ninka rabin da kansa, a ɗebe yawan ƙasa, a ɗauki saiwa, a tara sau ɗaya a ɗebe sau ɗaya. Uƙlidis na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin Miladiyya, ya yi dogon bayani a kashi na 10 na littafinsa a kan tsawo biyu irin tagwayen nan, na tarawa da na ɗebewa. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na Aljabru wal Muƙabala a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, daga sunan littafin nan kalmar Aljabra ta fito. Ya ce ya rubuta shi ne don bukatun mutane, irin su gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa. Shi ba ya lissafa amsar da ta gaza sifiri, saboda haka a misalinmu na uku amsa guda zai kawo. Bayansa Abu Kamil na Masar ya saki jiki da kuramen lambobi, ya yi aiki da su har a matsayin 'yan rakiya. Dangantakar jimla da ninki da 'yan rakiya kuwa a kan jingina ta ga Viète, mutumin Faransa, wanda ya mutu cikin 1603. Ƙasar Katsina ma ba baƙuwa ba ce a fagen lissafi: Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi ya rubuta littafi da Larabci a kan jera lambobi cikin hatimi cikin 1732, ya rasu a Alƙahira cikin 1741.

Shawararmu ga wanda zai koyar da wannan darasi ita ce ya fara da gona kafin haruffa. Yaron da ya tashi a Funtua ko Malumfashi ya san shinge, ya san eka, ya san gona ba ta da tsawo sai da faɗi. In ya ga 75 + √785 da 75 − √785 gefe biyu ne na gona guda, ba zai sake tambayar inda amsa ta biyu ta fito ba. Sa'an nan a ba shi hujjar M da N, a kuma nuna masa misali guda inda dabarar ba ta ci, don ya san iyakarta.

Ga tambayoyi huɗu na gwaji. A cikinsu duka 'yan rakiya cikakkun lambobi ne.

1. Nemo ma'aunin da ya fara da x² wanda 5 − √2 amsarsa ce.
2. Nemo b da c in −1 + 2√3 amsa ce ta x² + bx + c = 0. A tuna 2√3 daidai ta ke da √12.
3. Nemo p da q in (2 + √10)/3 amsa ce ta 3x² + px + q = 0.
4. Wata gona a Bakori tsawonta yadi 60 + √1,180, faɗinta kuwa abokiyar tagwaicin wannan lamba. Yadi nawa ne shingenta, kuma kashi nawa ce na eka?

A yi su tukuna kafin a duba nan. Ta 1, x² − 10x + 23 = 0. Ta 2, b = 2, c = −11. Ta 3, p = −4, q = −2. Ta 4, shinge yadi 240, ƙasa yadi murabba'i 2,420, watau rabin eka.